Ramin Jatau

Ƙasar Ikko ba ta haifar kwal, kowa ya sani.
Yashi ce, da ruwan gishiri, da ƙaguwa mai tafiya a karkace.
Amma kakana ya haƙi kwal a Ijora.
Na ga tabon diga a ƙwaurinsa,
na sha koko da kuɗin abin da ya haƙo.

Jatau ake ce masa, don ja aka haife shi.
Ya sauka Ido a taragon shanu
da tabarma, da buta, da sunan wani ɗan garinsu
wanda ashe tun bara aka binne.
Aiki ɗaya ya samu: dakon kwal,
kwando a ka, daga layin dogo zuwa bakin tanderu,
inda ake dafa wutar da ke haska
gidajen da bai taɓa taka ƙofarsu ba.
In ya dawo da magariba, Delu takan tare ƙofa:
“Malam, wa kake nema? Ni ja na aura.”
Haƙora kaɗai ke amsa mata.

Shekara ashirin kwando yana yoyo.
Kowane taku, tsakuwa guda ta faɗi,
nasa da na mutum ɗari irinsa.
Ruwa ya danne, ƙafa ta tattake,
fadama ta haɗiye, ba ta ce uffan ba.

Ranar da aka kashe tanderu
Akanni heluma ya kira suna ɗai-ɗai,
ya miƙa ambulan, bai iya duban idon kowa ba.
Udeze ya koma gabas da tarinsa.
Jatau ya zauna bisa mataccen layi
yana zanen ƙasa da tsohuwar ƙusa,
sai ƙusa ta fito baƙa.
Ya tona taƙi guda, baƙi.
Kamu guda, baƙi ƙirin.
Ya ce, “Ashe abin da ya zube daga kaina
bai je ko'ina ba, jirana yake.”

Haka aka buɗe mahaƙar.
Ba jiniya, ba fitilar goshi, ba manaja.
Ma'aikata uku: Jatau, da ɗansa Barau, ubana,
da baro mai ɗingishi.
In teku ta cika, ramin ya cika,
sai su kwashe da ƙwarya, su jira ta janye.
Garwa ce ma'auni.
Maƙeran Ebute Meta suka saya,
da masu narka dalma su zuba tukwane,
da wata mai gidan burodi
da ke biya rabi kuɗi, rabi burodin jiya.
Sun tono maɓalli, da dugadugin takalmi,
da kwabo mai huji,
da zoben da Delu ta yi wata uku tana faɗa a kansa.

Damina bakwai.
A ta takwas diga ta ce ƙyas, ta fito fara.
Ya ɗebi yashin ya duba, ya yi hamdala,
ya ce, “Bashi ya ƙare. Ƙasa ta biya.”
Saura wanda ke ƙirjinsa;
shi ya riƙa biya da kansa, kowace asuba, a kasko,
har ranar da aka wanke shi a Agege
mai wanka ya ce bai san mutumin ja ba ne haka.

Yau kwantena hawa huɗu ke zaune a wurin.
Tankokin mai na layi, direbobi na barci a ƙarƙashi.
Ni nake gadin ƙofar, da tocila da usur.
Na gaya wa abokin aikina akwai mahaƙa a nan,
ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Ban ja da shi ba.
Akwai dunƙule ɗaya a tagar ɗakina,
girman ƙwan agwagwa, Delu ta hana a ƙona.
In aka ɗauke wuta, 'yata Tasalla takan ɗauko shi
ta ce in sake faɗa mata daga farko.
Kafin in kai ga taragon shanu
tafinta ya yi baƙi.